Farantin CMT a Hantsar Taguwa: Kayan Shanu ne, Amma Yana Yi wa Mai Raƙuma Aiki

Kayan gwajin ciwon hantsa da ake kira California Mastitis Test, ko CMT a taƙaice, ba wani abin a-zo-a-gani ba ne idan aka buɗe kwalinsa. Faranti ne na roba mai mariƙi, da gurbi huɗu marasa zurfi, sai kwalbar ruwan gwaji mai launin shunayya. Wasu kamfanonin sukan haɗa da ɗan famfon matsi a bakin kwalbar, da takarda mai hotunan yadda ake karanta sakamako. Ba batir, ba lantarki, ba abin da zai lalace ban da robar ta tsage. Wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, Schalm da Noorlander, su ne suka fito da shi a 1957, kuma saboda shanu suka yi shi. Duk abin da ke jikin takardar, daga yawan nonon da za a zuba har ma'anar kowane maki, da saniya aka auna shi.

Ra'ayinmu a kansa a fili yake: duk wanda ke tatsar raƙuma don sayarwa ko don ciyar da iyali ya kamata ya mallake shi, domin babu wani kayan aiki mai sauƙi irinsa da zai nuna ciwon hantsa tun kafin ido ya gan shi. Sai dai wanda ya bi takardar cikin kwali kai tsaye, bai yi la'akari da yadda hantsar taguwa ta bambanta da ta saniya ba, zai riƙa samun sakamakon da zai ruɗe shi, wani lokaci ma ya sa shi kashe kuɗi a kan maganin da ba a buƙata.

Yadda yake aiki ba wuya. Ruwan gwajin wani nau'in sabulu ne mai ƙarfi da aka haɗa da rini mai canza launi gwargwadon tsamin nono. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga hantsa, jiki yakan tura fararen ƙwayoyin jini su yaƙe su, sai su cika nonon. Sabulun yana fasa waɗannan fararen ƙwayoyi, sinadarin gado da ke cikin cibiyarsu ya fito, ya haɗu da sabulun ya yi yauƙi. Iya yawan ƙwayoyin, iya kaurin yauƙin. Ke nan abin da farantin ke aunawa shi ne martanin jiki, ba ƙwayar cutar kanta ba, kuma wannan bambanci shi ne tushen kusan duk kuskuren da ake yi da shi.

A nan ma akwai wata sa'a da CMT ya yi a nonon raƙumi. Binciken da aka yi tun shekarun 1990 ya nuna cewa nonon taguwa yana ɗauke da gutsattsarin ƙwayoyin hantsa masu yawa waɗanda ba su da cibiya, girmansu kuma ya yi kusa da na fararen ƙwayoyin jini. Na'urorin ƙidaya da ke lissafi da girman abu kawai sukan haɗa da su, lissafi ya hau sama alhali taguwa lafiyarta lau. Shi kuwa CMT, tun da cibiyar ƙwaya yake nema, ba ruwansa da waɗannan gutsattsarin.

Dalilin da ya sa batun ya fi tsanani a raƙuma shi ne tsadar lokaci. Taguwa tana ɗaukar ciki wata 13, tana shayarwa shekara ɗaya zuwa wata 18, kuma a yawancin garkuna tazarar haihuwa shekara biyu ce ko fiye. Idan ɓangare ɗaya cikin huɗu na hantsarta ya mutu, ba asarar mako ko wata ba ce, sau da yawa ya tafi ke nan har ƙarshen rayuwarta. Ɗan da za ta haifa kuma yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki daga uwa, sai abin da ya samu a dakashi cikin yininsa na farko. Hantsar da ta shiga lokacin haihuwa da tsohon ciwo ba za ta ba shi dakashi mai kyau ba, kuma ɗan taguwa idan ya mutu, uwar takan ɗauke nono. Ciwon da ke jawo wannan duka yawanci ɓoyayye ne: hantsa ba ta kumbura ba, ba zafi, nono fari tas, amma yawan abin da ake tatsa yana raguwa a hankali, nonon kuma yana saurin lalacewa bayan tatsa.

Yadda ake gwajin a jikin taguwa

Takardar kwali za ta ce a zubar da tsirtuwar farko biyu ko uku, a tatsi kaɗan a kowane gurbi, a zuba ruwan gwaji, a juya. A saniya hakan ya wadatar, domin tana tara nono mai yawa a ma'ajin da ke ƙasan hantsa, ko yaushe aka kama kan nono sai ya zubo. Taguwa ba haka take ba. Sama da kashi 80 cikin 100 na nononta yana can cikin ƙananan jakunkunan da ke sarrafa shi, ba ya saukowa sai ta sake shi da kanta, kuma yawancin taguwoyi ba sa sakewa sai ɗansu ya taɓa su. Wanda ya zo da faranti ya kama kan nono a bushe, ɗigo kaɗan zai samu, kuma wannan ɗan ragowar da ya kwana a bakin kafa ba shi ne hoton abin da ke cikin hantsa ba.

Saboda haka ana yin gwajin ne a lokacin tatsa na yau da kullum, ba a wani lokaci na daban ba. A saki ɗan ya fara tsotsa har kawunan nono su cika su yi tauri, abin da kan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu. Sai a janye shi, a goge kowane kan nono da busasshen ƙyalle mai tsabta ko takardar gogewa, don yawun ɗan da ƙura kada su faɗa cikin gurbi. A zubar da tsirtuwa biyu ko uku a wani kwano daban, ba a ƙasa ba inda wata za ta kwanta a kai, a duba ko akwai gudaji ko jini. Daga nan a tatsa cikin faranti. Duk wannan sai an hanzarta, domin sakin nonon taguwa na 'yan mintoci ne, idan ya wuce ya wuce. Mutum ɗaya ba zai iya ba: ɗaya ya riƙe ɗan, ɗaya ya tatsa, idan da hali na uku ya riƙe faranti da kwalba ya kuma rubuta. Kuma a tuna raƙumi yana harbi ta gefe, ba ta baya kaɗai ba, don haka wanda taguwar ta saba da hannunsa shi ya kamata ya tsaya kusa da ita.

Wasu sukan yi wa taguwa allurar oksitosin don nono ya sauko ba tare da ɗa ba. Don ɗaukar samfuri sau ɗaya a hannun likita, ba laifi. Amma mayar da shi ɗabi'a saboda gwajin wata-wata ba dabara ba ce, taguwa takan saba har ta daina saki sai da allura.

Mariƙin faranti kullum ya fuskanci wuri ɗaya, ko kan dabbar ko wutsiyarta, a zaɓi ɗaya a dawwama a kai. Wannan ƙaramin abu ne amma shi ya fi ɓata aiki. Hantsar taguwa tana sama, mai tatsa yana tsaye, faranti yana yawo tsakanin hannaye, kafin a ankara an manta wane gurbi ne na gaban dama, wane ne na bayan hagu. Farantin da aka buga wa haruffa ko alama a kowane gurbi ya fi wanda ba shi da su nesa ba kusa ba.

Nonon da ake so a kowane gurbi mililita 2 ne, wajen rabin ƙaramin cokalin shayi. Ba a aunawa da sirinji: ana tatsa fiye da haka, sannan a karkata farantin har rarar ta zube, nonon ya tsaya a kan layin da ke cikin gurbin. A nan wata matsala ta nonon raƙumi ke fitowa, wato kumfa. Yana kumfa sosai idan aka tatse shi da ƙarfi, kumfar ta rufe layin, ta kuma ɓoye ɗan yauƙin da ake nema. Maganinta a kawo farantin kusa da kan nono, a tatsa a jikin bangon gurbi ba a tsakiya ba, a bar shi ya ɗan lafa kafin a zuba ruwan gwaji. Ruwan gwajin kuma daidai da yawan nonon, mililita 2 a kowane gurbi. Idan ya yi kaɗan ba zai fasa dukkan ƙwayoyin ba, idan ya yi yawa zai tsinka yauƙin, dukansu biyu maki zai sauka ƙasa da gaskiya.

Sai a juya farantin a kwance, a hankali, na daƙiƙa 10, ido yana kansa tun daga farko. A yanke hukunci kafin daƙiƙa 20, domin yauƙi mara ƙarfi yakan narke ya ɓace idan aka ci gaba da juyawa. A karanta a inuwa mai haske, ba cikin tsakar rana ba, inda farin faranti da farin nono ke ɗauke ido. Bayan an gama a zubar da haɗin inda ɗa ko kare ba zai lasa ba, a ɗauraye farantin da ruwa, a yarfe shi kafin taguwa ta gaba.

Karanta maki

Matakai biyar ne. Idan haɗin ya zauna ruwa-ruwa yadda yake, babu komai. Idan aka ga ɗan kauri a ƙasan gurbi yayin karkatawa, ya kuma ɓace da ci gaban juyi, wannan alama ce kawai. Maki 1 shi ne yauƙi bayyananne da bai ɓace ba amma bai dunƙule ba. Maki 2, haɗin yana yin kauri nan take ya taru a tsakiya yayin juyi, ya baje idan an tsaya. Maki 3, ya dunƙule kamar ɗanyen farin ƙwai, ya manne a gurbi, idan aka karkata ya zubo gaba ɗaya a dunƙule.

Takardun kwali sukan jera adadin ƙwayoyi a gaban kowane maki: babu komai, ƙasa da 200,000 a mililita ɗaya, alama, 150,000 zuwa 500,000, maki 1, 400,000 zuwa miliyan 1.5, maki 2, 800,000 zuwa miliyan 5, maki 3, sama da miliyan 5. Alƙaluman shanu ne, kuma ko a shanun ana ganin yadda suke shiga juna. A raƙuma har yanzu babu wata iyaka da duniya ta amince da ita irin 400,000 da Tarayyar Turai ta gindaya wa nonon shanu na sayarwa. Don haka ba mu ba kowa shawarar ya riƙa fassara maki zuwa adadi. Abin da ya fi amfani shi ne kwatanta gurabun huɗu da juna. Taguwar da uku suka fito ruwa, ɗaya ya yi yauƙi, ta faɗi abin da ke damunta, ko da yauƙin kaɗan ne. Wadda duka huɗun suka nuna alama iri ɗaya, sau da yawa ba cuta ba ce, wani dalili ne na jiki gaba ɗaya.

Launi ma yana magana, ko da yake mutane ba su cika kula da shi ba. Shunayya mai duhu sosai na nufin nonon ya rasa ɗan tsaminsa na asali, abin da ke faruwa idan hantsa ta kamu da ciwo ko tana shirin ƙafewa. Rawaya kuwa nono ne mai tsami, kuma ba kasafai ake ganinsa a nonon da aka tatsa yanzu ba.

Babban raunin wannan kaya a jikin taguwa yana cikin halittar hantsarta. Kan nonon saniya kafa ɗaya gare shi, da ma'aji ɗaya. Na taguwa kafa biyu ne, wani lokaci uku, kuma kowace kafa tana zuwa ne daga nata sashen da bai haɗu da ɗan'uwansa ba. Wato gurabu huɗu na faranti suna karɓar nonon sassa takwas ko fiye. Idan sashe ɗaya ya kamu, ɗayan lafiyayye, nonon biyu yana haɗuwa a gurbi guda, mai lafiya ya tsinka mai ciwo, kuma dama mai ciwon ya fi ƙarancin nono. Abin da ya cancanci maki 2 sai ya fito maki 1, na maki 1 ya fito alama. Wannan ya sa a raƙuma ba ma raina alama idan a gurbi ɗaya ta fito. A rubuta, a sake gwadawa bayan kwana uku zuwa mako ɗaya.

Aikin da Mario Younan da abokan aikinsa suka yi a garkunan raƙuma a Kenya, wanda aka buga a 2001, ya auna CMT da sakamakon ɗakin gwaje-gwaje. Farantin ya kama kashi 77 cikin 100 na ɓangarorin hantsa da ke ɗauke da ƙwayar cutar Streptococcus agalactiae, da kashi 68 na masu ƙwayar Staphylococcus aureus, kuma ya wanke kashi 91 na lafiyayyu. Ma'ana, idan ya ce akwai ciwo, yawanci gaskiya ya faɗa; idan ya ce babu, kusan ɗaya cikin uku na masu Staphylococcus sun sulale. Wannan ƙwayar dama haka take, tana ɓuya a cikin ƙananan marurai a naman hantsa, ta fito yau ta lafa gobe. Gwaji ɗaya ba ya wanke taguwa, musamman wadda za a saya a shigar cikin garke. Gwaji sau ɗaya a wata ga duk mai shayarwa, da littafin da aka ja wa layi huɗu a gaban sunan kowace, shi ke mayar da faranti abin dogaro.

Akwai lokutan da bai kamata a yarda da shi ba sam. Kwanakin farko bayan haihuwa, dakashi cike yake da ƙwayoyi bisa ɗabi'a, zai yi yauƙi ko babu cuta. A jira mako ɗaya zuwa kwana 10. Haka ƙarshen shayarwa, lokacin da nono ya ragu ya yi kauri. Taguwar da aka yi wa barbara ta ɗauka ma nononta yakan fara raguwa tun daga wata na biyu na cikin, kuma yayin da take gangarawa zuwa ƙafewa maki yakan ɗan hau a duka gurabun. Mai garken da ya ga nono ya ja baya, faranti ya nuna alama a ko'ina, kafin ya nemi allura ya fara tambayar kansa yaushe amale ya hau ta, ya kuma duba ko tana ɗaga wutsiya idan namiji ya matso. Tsohuwar taguwa mai haihuwa da yawa ita ma makinta ya fi na mai haihuwar fari ko da lafiya. A ɗaya gefen, hantsar da ta riga ta ruɓe, tana fitar da ruwa-ruwa ko mugunya, tana iya ba da sakamakon babu komai, saboda ƙwayoyin sun riga sun farfashe. Irin wannan dama ba ta buƙatar faranti: kumburi, zafi, jini a nono da ƙin cin abinci sun isa a kira likita a ranar. Nonon da ya kwana a waje ko aka daskarar da shi shi ma ba a gwada shi da CMT.

Abin da farantin ba zai faɗa ba

Ba zai faɗi sunan ƙwayar ba, kuma magani ya dogara ne a kan sunan. Streptococcus agalactiae tana yaɗuwa daga hantsa zuwa hantsa ta hannun mai tatsa da ƙyallen gogewa, amma takan ji maganin dangin fenisilin idan aka yi shi daidai. Staphylococcus aureus da ta daɗe kuwa da wuya ta warke, abin da ya fi shi ne a ware taguwar, a riƙa tatsarta a ƙarshe, idan ta tsufa a fitar da ita. Duka biyun a faranti kamanninsu ɗaya. Don haka sashen da ya ba da maki 2 ko 3, ko ya maimaita maki 1 sau biyu, a ɗauki samfurinsa: a goge bakin kan nono da auduga mai sifirit na kashi 70, a bar shi ya bushe, a zubar da tsirtuwar farko, a tatsa cikin kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyi tana karkace don ƙura kada ta faɗa, a rubuta suna da ɓangare, a sa a ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji cikin awa 24. Idan tafiya ta yi nisa a daskarar da shi. Waɗannan ƙwayoyi biyu suna jure daskarewa.

A nan ne ake yawan yin ɓarna. Mutum ya ga yauƙi, ya sayo bututun maganin hantsa na shanu ya tura. Bakin bututun an yi shi ne daidai kafar nonon saniya, ya fi ta taguwa kauri, yakan yage fatar cikin kafa ya buɗe wa wata cutar hanya. Ko ya shiga lafiya, kafa ɗaya ya bi cikin biyu, kuma ba tabbas ita ce mai ciwon. Shi ya sa likitocin raƙuma suka fi karkata ga allurar jiki, idan kuma dole sai ta kan nono, da siririn bututu a kowace kafa. Kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba na daina shan nono bayan magani su ma na shanu ne, likita ne zai ce nawa za a ƙara. Ba a hantsa kaɗai wannan doka take ba: maganin sammore na diminazin da shanu ke ɗauka lafiya guba ne ga raƙumi.

Haka kuma CMT ba gwajin bakkale ba ne. Taguwa na iya fitar da ƙwayar Brucella mai kawo bakkale a nono, ta yi ɓari, mahaifa ta maƙale, ta sa wa masu shan ɗanyen nono zazzaɓi mai kai-komo, faranti kuma ya nuna ruwa tas. Ko gwajin zoben nono da ake yi wa shanu don gano bakkale ba ya aiki yadda ya kamata a nonon raƙumi, domin mansa ƙanana ne ba ya tasowa sama. Jini ake ɗauka a yi gwajin Rose Bengal. Sakamako mai kyau a faranti ba izinin shan nono ɗanye ba ne. Dumama shi a digiri 63 na ma'aunin Celsius na minti 30, ko 72 na daƙiƙa 15, shi ke kashe ƙwayar.

Inda farantin ya fi biyan kuɗinsa, a ganinmu, ba wajen zaɓar wadda za a yi wa magani ba ne, wajen gyara tsarin tatsa ne. Da littafin wata uku a hannu, mai garke zai jera taguwoyinsa: masu haihuwar fari da masu tsabtataccen sakamako a fara da su, masu shakka a tsakiya, masu ciwo a ƙarshe, a wanke hannu da sabulu tsakani, kowace da ƙyallenta. Zai kuma ga abin da ke jawo ciwon. Sassan da ke yawan fitowa da maki galibi su ne waɗanda kaska ta yi wa cincirindo a gindin kan nono, ko waɗanda ake ɗaurewa da tsumma ko igiya don hana ɗa tsotsa, ko masu tabon ƙaya da agana. Ɗaurin kan nono musamman yana hana jini gudu, yana tsaga fata, tsumman kuma ya zama gidan ƙwayoyi. Rigar hantsa ta yadi da ake wankewa a kai a kai ta fi shi aminci. Tsoma kan nono a ruwan aidin na kashi 0.5 zuwa 1 yana taimakawa, amma sai bayan ɗan ya gama tsotsar ragowarsa, in ba haka ba shi zai lashe.

Game da ingancin kayan kansu, faranti kusan duk ɗaya ne, abin dubawa shi ne layin awo ya fito sosai, gurabu su kasance da alama, robar kuma mai kauri wadda rana ba za ta lanƙwasa ba. Bambancin yana wajen ruwan gwaji. Wani a shirye yake zuwa, wani kuma mai kauri ne sai an surka, kuma yawan ruwan surki ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a karanta jikin kwalba. A surka da tataccen ruwa ko ruwan sama mai tsabta. Ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa yana kashe ƙarfin sabulun, ya sa haɗin ya yi gari-gari a ƙasa. A ajiye kwalba a rufe, nesa da rana. Ruwan da launinsa ya koɗe ko ya yi laka a zubar. Famfon da ke zuwa da wasu kwalabe yana da daɗin aiki, sai dai ba kowane ne ke fitar da mililita 2 daidai ba, yana da kyau a matsa shi cikin sirinji sau ɗaya a ga abin da yake bayarwa. Taguwa ɗaya tana cin mililita 8, lita ɗaya ke nan za ta yi gwaji 125 a lissafi, wajen 100 idan aka cire zuba da maimaici. Garke mai taguwa 30 a tatsa zai yi wata uku zuwa huɗu da lita guda.

Wasu sukan haɗa nasu ruwan da sabulun wanke kwanuka. Yana yin yauƙi a nonon mai ciwo sosai, amma ƙarfinsa yana canzawa daga kwalba zuwa kwalba, ba shi da rinin da ke nuna tsami, kuma a matakin alama da maki 1, inda mai raƙuma ya fi buƙatar gaskiya, nan yake gazawa. 'Yar na'urar hannu mai auna gishirin nono ta hanyar lantarki kuwa, wadda ake tallatawa a matsayin ta zamani, ta fi CMT saurin aiki da tsabta, amma gishirin nonon taguwa yana hawa da sauka gwargwadon ciyawar da ta ci da ruwan da ta sha, wadda ke kiwo a tsire-tsire masu gishiri sai na'urar ta yi ta ƙara a kanta ba ciwon komai. Idan za a sayi ɗaya tak cikin biyun don raƙuma, faranti za a saya, a haɗa da littafi da alƙalami da sirinji ɗaya na auna famfo.